Tsakanin Reshe da Reshe

Wanda ya fita daga Kano ta titin Haɗeja, ya bar 'Yankaba a baya ya doshi Jogana da Gezawa, zai ga gona na bin gona ba ko taƙin daji a tsakani, amma duk inda ya kai ido akwai bishiya a tsaye. Kuka, ɗorawa, tsamiya, gawo, mangwaro, darbejiya, nan da can kanya da ɗinya. Ƙaramar hukumar Gezawa ba ta da wani faɗi, murabba'in kilomita 340 ce, amma ƙidayar 2006 ta samu mutum fiye da 280,000 a cikinta. Ƙasa mai irin wannan cunkoso, ga ta a bakin babban birni, da an bi lissafin masu hasashe da tuni murhu ya cinye itatuwanta. Ba haka ta kasance ba. Michael Mortimore, wani Bature masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya daɗe yana nazarin karkarar Kano, har da Tumbau ta nan Gezawa. Binciken da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna manoman kewayen birni ba su ƙarar da bishiyoyinsu ba, riƙon dukiya suke yi musu.

Yadda ake yi ba ɓoyayye ba ne. Bishiyar gona a nan ba kasafai ake kayar da ita ba, hawanta ake yi. A sare reshe a bar uwa ta sake toho, a kakkaɓe 'ya'ya, a zage ganye, a ɗora amya. Miyar kukar da ke kan tuwon dare, da daddawar da ke cikinta, da tsamiyar kunun buɗa-baki, da ganyen gawon da ke riƙe tumaki a tsakiyar rani, duk daga sama suka sauko, kuma wani ne ya hau ya sauko da su. Ka dubi kowace kuka a gonakin Wangara ko Ketawa ko Babawa. Siffar nan da take da ita, rassa gajeru masu dunƙulallen kai, hannun mutum ne ya yi ta, shekara bayan shekara. Muna da sarkin noma, muna da sarkin pawa da na maƙera, makaɗa na wasa 'yan dambe da 'yan kokawa, amma mai hawan bishiya sai dai ka ji an ce, "A kira yaron nan ya hau." Alhali abin da yake yi gwaninta ce cikakkiya mai ƙa'idojinta, ana koyonta, ana koyar da ita.

Hawan kansa ba wuya. Duk yaron da ya tashi a ƙauye ya iya rungumar gindin mangwaro ya ja jiki ya ɗare gwafar farko. Daga nan ne ake gane gwani, wato yadda zai bar reshen da yake kai ya koma wani. Mutum in yana zaune kan reshe mai kauri, ya harɗe ƙafafu ta ƙasa, ya jingina baya da jikin bishiya, zai iya kaiwa azahar a nan lafiya lau. Haka in ya isa ɗaya reshen ya zauna. Amma tsakanin zaman farko da na biyu akwai ɗan lokaci, bai fi numfashi biyu ba, da nauyinsa ya bar can bai gama sauka nan ba. Yawancin faɗuwar da na ji labarinta a garinmu a wannan ɗan tsakanin ta auku, kuma duk ilimin mai hawa a kan ƙetare shi ya taru.

Ido ke fara tafiya. Tun yana ƙasa, kafin ya tuɓe takalmi ya ƙulle bakin rigarsa a ƙugu, gwani zai zagaya bishiyar kansa a sama. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka 'ya'yan yake ƙiyastawa, alhali hanya yake shimfiɗawa: daga wannan gwafa zuwa wancan reshe, daga can zuwa na gabas mai kaya, sannan ta ina zai dawo in hannu ya gaji. Yana kuma neman abin da zai firgita shi a sama, gidan rina, zirnaƙo, layin cinnaka, kogon da maciji zai iya kwanciya. Harbin rina bai cika kashe mutum ba, zaburar da zai sa ka yi ita ce ke kayarwa.

Bayan ido sai ƙafa. Ba ya taka tsakiyar reshe. Gindinsa yake nema, dab da inda ya fito daga jikin uwa, don nan ne ya fi ƙarfi, nan ne kuma ba ya lanƙwasa. Ya ɗora tafin ƙafa a gicciye yadda reshen zai shige kwarin tafin, ya ɗan danna, ya saurara. Ɗanyen reshe yakan yi ƙasa a hankali ya dawo. Busasshe ba ya ba da kai, sai dai ka ji wani ɗan ƙas a ciki. Wanda gara ta cinye ta bar ɓawo kuwa, in ka buga masa dunduniya amon fanko za ka ji. Duk wannan gwajin, nauyinsa na nan kan tsohon reshe, ko kashi ɗaya cikin goma bai ba sabon ba.

Sai nauyi ya biyo, kuma a nan ne sabon shiga ke tona kansa. Nauyin mutum a ƙugu yake. Sabon shiga yakan miƙa hannu, kai ya bi hannu, ƙirji ya bi kai, a bar ƙugu a baya, sai ya tsinci kansa a miƙe tsakanin rassa biyu, ba gaba ba baya, damatsa na rawa. Gwani ƙugunsa yake turawa. Ya ɗan durƙusa, ya matso da cibiya kusa da itace, ya zuba nauyin kan sabuwar ƙafar a hankali har sai tsohuwar ta zama ba ta ɗauke da komai, ana iya ɗaga ta ba tare da jiki ya sani ba. Hannun baya shi ne na ƙarshen tashi. A kowane lokaci gaɓoɓi uku na riƙe, ɗaya ke tafiya. In ka tsaya a ƙasa kana kallon wanda ya ƙware, ba za ka iya nuna inda mataki ɗaya ya ƙare wani ya fara ba. Ba tsalle, ba fizga, ba ka ma jin ganye na kaɗawa sosai. Sai dai ka ga ɗazu yana yamma, yanzu ga shi a gabas.

Kowace bishiya kuma da halinta, kuma wanda ya iya ɗaya bai iya sauran ba.

Kuka ita ce uwar wahala. Jikinta sumul yake, ga kaurin da ba hannun da zai zagaye, ga santsi in raɓa ta sauka ko an yi yayyafi. Itacenta laushi gare shi, cike da ruwa da zare, shi ya sa ba a yin turmi ko azara da shi. Masu hawa kan kafa turaku a jikinta ko su sassara matakai da gatari, kuma turken bara ba abin amincewa ba ne bana, don yakan ruɓe daga ciki bakinsa na waje na nan garau. Gwani sai ya jijjiga kowanne da hannu kafin ya ba shi ƙafa. A sama kuwa, da yake ana saran kuka duk shekara wajen ƙarshen damina don ganyen miya, kowane tsohon reshe ya zama dunƙule, sababbin rassa sun fito a kansa cunkus. Waɗannan sababbin su ne tarko. Ga su kore shar, ga su daidai kamun hannu, amma kamun da suka yi wa uwar bai yi zurfi ba, suna iya fizgewa daga tushe gaba ɗaya. Saboda haka mai hawan kuka dunƙulen yake runguma da gwiwa da damtse, ya bar kyawawan rassan nan ga adda. Ƙaura daga dunƙule zuwa dunƙule a kan kuka ya fi kama da rarrafe, ciki a manne da ɓawo, don ba abin kamawa sai faɗin jikinta.

Ɗorawa wata makaranta ce daban. Rassanta dogaye ne, sun miƙe a kwance sun yi nisa da gindi, 'ya'yan kuma a can ƙarshe suke reto gungu-gungu. Lokacinsu bazara, wajen Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke sa tafin hannu gumi. Mai hawa zai haye reshen ya sa shi tsakanin cinyoyi, ya riƙa jan gindi yana matsawa, da doguwar gora mai ƙugiya a baki. Duk taƙin da ya ƙara, reshen na ƙara yin ƙasa, saboda haka reshen da ya ƙyalla daga gindi yana daidai kafaɗarsa, kafin ya isa ya koma saman kansa. Dole ya lissafa inda abin kamawar zai kasance bayan nauyinsa ya canja bishiyar. Sannan in ya fara ƙugiyar 'ya'ya hannu biyu duk suna kan gora, cinya da ƙwauri kaɗai ke riƙe da shi. In zai sauya reshe ba ya tafiya da gora a hannu. Sai ya fara rataye ta da ƙugiyarta a wani reshe na sama inda zai iya kaiwa daga sabon mazauni, ya ƙaura hannu sake, ya zauna daram, sannan ya jawo ta. Abin da ke zubowa ƙasa ba ƙaramar dukiya ba ce: garin ɗorawa na yara, kalwa ta masu daddawa, makuba ta masu daɓe.

Tsamiya amintacciya ce, ko siririn reshenta yakan lanƙwasa bai karye ba. Illarta cunkoso, ƙananan rassa na kama riga da wando, da kuma sakin jikin da take koya wa yaro har ya je ya gwada irinsa a kan mangwaro, wanda reshensa ke ɓallewa ba sallama. Gawo kuwa ƙaya ce ke tsara maka hanya. Shi da yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, lokacin hawansa shi ne lokacin da dabba ba ta da abin ci, kuma makiyayi da barandami a kafaɗa yakan share wurin da zai dafa kafin ya dafa. Darbejiya ita ce ta 'yan koyo. Dabino, wanda aka fi samu in an nausa Jigawa wajen Dutse inda cibiyar binciken dabino take, matakalarsa a jikinsa take, wahalar sai an isa kai, inda za a ratsa ƙayoyin gindin ganye a shiga tsakiya don yi masa barbara.

Sara yana ƙara wani abu. Bishiyar da ka hau ba ita ce za ka sauka daga kanta ba, don ka rage mata rassa, wataƙila har da wanda ka taka ka hau. Gwani daga sama yake farawa yana yin ƙasa, yana barin matakansa sai ƙarshe. Yakan fara ɗan sara ta ƙarƙashin reshe kafin ya sara ta sama, don kada reshen in zai faɗi ya yage ɓawo ya tafi da shi har inda ƙafarsa take. Ya kuma san cewa da zarar nauyin ya rabu da bishiya, abin da ya rage zai yi sama da ƙarfi. Saboda haka kafin saran ƙarshe sai ka ga ya gyara zama, ya saƙala hannu ɗaya, ya leƙa ƙasa ya ce, "A kauce!" Adda ko gatari ba a sauya reshe da su a hannu. A soke a ƙugu ta baya, ko a kafa a jikin itace, ko a zura da igiya.

Ƙarshen gwanintar, a ganina, wajen masu amya take. Amya a gwafar sama ake ɗora ta, zuma kuma da dare ake ɗiba. Mutum zai hau cikin duhu da damin ciyawa mai hayaƙi, ƙudan zuma na bin wuyansa da bayan kunnensa, kuma ba shi da ikon zabura ko kaɗa hannu. Hanyar da zai bi tun da rana ya haddace ta, ƙafa ce ke tuna inda gwafa take. Abokinsa na ƙasa riƙe da igiya, a zura bokiti a jawo, magana ƙasa-ƙasa. Wanda ya iya sauya reshe a wannan hali, ido na hawaye saboda hayaƙi, ya gama iyawa.

To, yaya ake koyon wannan? Gaskiya yawancin yara a wajen junansu suke koya, a kan mangwaron mutane, cikin sauri da tsoron mai gona, kuma daga nan ne masu ɗori ke samun aiki duk bazara. Amma gidan da hawa ya zama sana'a, akwai tsari. Yaro zai fara da tsintar abin da ya zubo. Shekara ɗaya ko biyu kansa na sama yana kallon yadda babba ke tafiya, ba wanda ya ce masa darasi ne. Daga nan a ba shi ɗaurin kaya a igiya. Sannan a bar shi ya hau gwafar farko, a ce ya sauko, ya sake hawa, ya sake saukowa. Mai koyarwa na kirki ba ya barin yaro ya haura inda bai nuna ya iya saukowa daga nan ba, don sauka ta fi hawa wuya: ido ba ya ganin inda ƙafa za ta, hannu ya riga ya gaji, zuciya kuma ta riga ta isa ƙasa.

Na taɓa tsayawa a gindin wata ɗorawa ina kallon wani dattijo yana koya wa ɗan ƙaninsa. Hannayensa a goye a baya, muryarsa ba ta fi ta hira ba.

"Ina ƙafarka ta hagu?"

"Tana kan reshe, Baffa."

"Matso da ita gindinsa. Yawwa. Danna kaɗan. Me ka ji?"

"Bai motsa ba."

"Ɗauke ƙafarka. Reshen da bai fi damtsenka ba, in ka danna bai motsa ba, busasshe ne. Nemi wani."

Yaron ya samu wani, ya miƙa hannu zai kamo wani gungun ganye da ke gabansa don ya ja jiki. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, da ka ji ana cewa kada a saki reshe a kama ganye, a nan aka samo ta. Mai da hannunka inda yake. Kawo ƙugunka tukuna." Can kuma yaron ya kai wani wuri ya tsaya cak, ya rungume itace, ƙafa na kaɗawa. Duk wanda ya taɓa hawa ya san wannan tsayuwar. Wata mata da ke tsintar 'ya'ya ta buɗe baki za ta yi salati, dattijon ya ɗaga mata hannu. Ya ce wa yaron, "Zauna. Ba inda za mu. Sha iska." Ya bar shi har numfashinsa ya daidaita, ya tambaye shi ko yana hango rufin makarantarsu daga nan, sannan ya fara sauko da shi gaɓa ɗaya-ɗaya: hannun dama nan, ƙafar hagu ƙasa kaɗan, ƙara, ƙara, ga shi nan ka taɓa. Bai taɓa ce masa "kada ka faɗi" ba. Abin da zai yi kawai yake faɗa masa, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Na ga malamai masu takardar koyarwa da ba su kai wannan dattijo sanin yadda tsoro ke toshe kunne ba.

A wasu ƙasashe, wannan ilimi na ƙaura daga riƙo zuwa riƙo makaranta ake shiga a koye shi. A gidajen wasan nuna gwanintar jiki da Turawa ke kira sarkus akwai wani zoben ƙarfe da ake ratayewa daga rufi, ana ce masa lira. Ka ɗauka garegaren yara ne aka ƙara wa girma har faɗinsa ya kusa mita ɗaya, aka naɗe shi da tef don kada hannu ya zame. Mai wasa zai zauna a cikinsa, ya rataya da bayan gwiwa kai a ƙasa, ya kwanta a kan ƙugu, ya haye samansa, duk zoben na juyawa. Shigar masu wasan ba irin tamu ba ce, wannan magana ce daban, aikin jikin nake nufi. Wasannin sama irin wannan sun samu tashe tun 1859, lokacin da wani saurayi mai suna Jules Léotard ya saki sandar lilo ɗaya ya kama wata a gaban 'yan kallo a birnin Paris. A saman tafkin wankan mahaifinsa a Toulouse ya koya, don in ya kuskure ruwa ya tare shi. Yau akwai manyan makarantu na wannan fanni, irin ta Montreal a Kanada da aka buɗe a 1981, kuma kamfanin Cirque du Soleil ya sa wasan zobe a shirinsa mai suna Quidam a 1996. Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A Konakiri ta ƙasar Gini an kafa Circus Baobab a 1998, kuma ƙatuwar kuka suka ƙera suka kafa a dandali, a kanta matasan ke hawa suna lilo. A Dakar, Modou Fata Touré, wanda ya taso almajiri yana bara a titi, shi ya kafa SenCirk.

Malaman zobe sun san abin da dattijon nan ya sani. Ɗalibi na iya haddace zama iri ashirin a kan zobe, kowanne in an ɗauki hoto gwanin sha'awa, amma tsakanin kowane biyu sai ya koma ya zauna, ya gyara hannu, ya yi nishi, ya ja jiki. Wannan bai iya ba tukuna. Saboda haka sukan sauko da zoben ƙasa daidai ƙirji, a shimfiɗa katifa mai kauri, a fara koya masa yadda zai fita daga zama kafin a bar shi ya daɗe a ciki. Sai a haɗa masa zama biyu kawai, ya yi ta zuwa yana dawowa a tsakaninsu, yana faɗa da baki wane hannu ne ke riƙe, wanne ne zai tashi. A sa shi ya yi a hankali ƙwarai, don wanda ke ƙetarewa da fizga yana ɓoye inda ba shi da ƙarfi, jinkiri kuwa yana tona wurin. Babban yatsa a zagaye da ƙarfen, kafaɗa a ɗaure ba a sake ba. Malami na tsaye dab da shi, hannuwa kusa da ƙugu da kafaɗa, abin da yake tsaro shi ne kai da wuya. In biyu sun zauna a ƙara na uku. Juya zoben shi ne na ƙarshe, don jiri na ɓatar da gabas da yamma.

Zoben kuma, musamman mai marataya ɗaya, ba ya tsayawa ya jira ka. Da ka matsar da ƙugu sai ya karkata, ya juya, inda yake gefe ya koma ƙasa. Ɗalibi dole ya koyi kai hannu inda ƙarfen zai kasance bayan ya motsa. Mai hawan ɗorawa a Tumbau da za a nuna masa wannan, ba zai buƙaci tafinta ba.

Akwai abu biyu da suke yi da na so a ce muna yi. Na farko, suna tilasta wa ɗalibi ya koyi kowace ƙaura ta dama da ta hagu. Namu masu hawan yawanci gefe ɗaya suka fi amincewa da shi, kuma bishiya ba ta tambayar wane hannu ka fi so, wata rana reshen da ya rage ta hagu yake. Wannan ba ya cin ko kwabo: ƙaramar darbejiya a ƙofar gida, yashi ko ƙaiƙayi a ƙasa, a sa yaro ya zagaya ta nan ya zagayo ta can.

Na biyu shi ne igiya. Masu wasan sama ba sa rataya a kan abin da ba a gwada ba, ƙa'idarsu ita ce marataya ta iya ɗaukar ninkin nauyin da za a ɗora mata sau da yawa. Masu gyaran bishiya na Turai da Amurka da ɗamara da igiya suke hawa, har gasar duniya suke yi da ta samo asali a Amurka a 1976, inda ake duba yadda mutum ke zagaya bishiya daga wurin aiki zuwa wani ba tare da ya taɓa zama a kwance daga igiya ba. Mu igiyarmu ta kaya ce. A zura adda da ita, a sauko da bokitin zuma da ita, amma mutumin da ke sama ba abin da ke riƙe da shi. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa Asibitin Ƙashi na Dala da karayar baya, magidanci mai ƙarfi da ya fita da safe don ganyen miya, ya san abin da nake faɗa.

Tsofaffin masu hawa suna da hujjarsu in an kawo maganar. Sukan ce igiya na saƙalewa a rassa ta hana tafiya, kuma tana sa yaro ya saki jiki ya daina gwada reshe. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na son abin da zai kashe wannan ido da wannan ƙafa. Amma ba cewa ake a ja doguwar igiya ko'ina ba. Gajera ake nufi, wadda in mutum ya isa mazauninsa zai zagaya ta a wata gwafa mai rai da ke sama da shi, ya ɗaure ta tamau yadda ko ya zame ba zai yi nisa ba, a daidai lokacin da hannu biyu ke kan gora ko barandami. Ɗaurin ma ba a ciki ake yin sa ba, don igiya a ciki in ta fizgi mutum tana iya yi masa lahani. Ta ƙarƙashin cinyoyi da ƙugu take bi, mutum ya zama a zaune a cikinta, kuma masu yasar rijiya da ke zura mutum ƙasa sun san irin wannan ɗauri. Malaman gona na hukumar raya aikin noma ta Kano, KNARDA, da ke shiga ƙauyuka da maganar taki da iri za su iya ɗaukar wannan su haɗa, musamman gab da saran kuka da kaɗar ɗorawa. Igiyar leda mai kauri ana samunta a kasuwar Gezawa. Sai dai a sayi sabuwa, a keɓe ta don wannan aiki kaɗai, kada a ɗauko ta guga da rana ta riga ta cinye, kuma kafin kowane hawa a bi ta da hannu taƙi-taƙi ana duba inda ta goge.